Jagora: Yadda Za Ka Zaunar da Karen da Aka Ceto a Sabon Gidansa

Tambayar da ake ta maimaitawa ita ce wannan: mutum ya karɓi kare daga hannun wanda ya tsince shi ya yi jinyarsa, a can karen yana ci yana wasa, amma da zuwansa sabon gida sai ya shige ƙarƙashin mota, ya ƙi abinci, ya kwana yana kuka, ko ma ya sulale ya ɓace. Me ya same shi, kuma yaya za a yi?

Karen bai lalace ba. Aƙalla sau biyu ke nan ana raba shi da inda ya sani, daga titi ko gidan da aka wulaƙanta shi zuwa wurin mai riƙo, wato wanda ya kula da shi kafin ka karɓa, daga wurin mai riƙo kuma zuwa gare ka. Abin da zai kwantar masa da hankali abu uku ne: ƙaramin wuri, tsari guda da ba ya sauyawa, da lokaci. Matakan da ke ƙasa suna aiki ko daga ƙungiyar ceton dabbobi irin su Dogs Trust ko RSPCA a Ingila ka karɓo shi, ko daga hannun likitan dabbobi a Jos ko Kaduna, ko don gadi kake son sa, ko don zama da iyali.

1. Tambayi mai riƙo kafin ka ɗauko

Wanda ya riƙe karen makonni ya san abin da babu takardar da za ta gaya maka. Ka je da biro da takarda ka rubuta: wane abinci yake ci, nawa, da ƙarfe nawa, ina yake kwana, ina yake bahaya, da wane suna ake kiran sa, me yake tsoro, babur ne, sanda, tsintsiya, ko maza masu babbar murya, ya taɓa cizo ko yunƙurin cizo, kuma a wane hali, yaya yake da yara, kaji da sauran karnuka. Ka karɓi katin rigakafinsa, ka duba kwanan wata da hatimin likita.

Ka roƙi abu biyu: buhu ko tsumman da yake kwanciya a kai, ba tare da an wanke ba, da abincinsa na mako guda. Idan da hali, ka ziyarce shi sau biyu kafin ranar ɗaukowa.

Hattara: "an yi masa allura" da baki ba hujja ba ce. In babu kati, ka ɗauka ba a yi ba.

2. Shirya wuri da kaya

Zaɓi lungu guda mai inuwa, nesa da ƙofar shiga da wurin wasan yara. Ɗakin karen ya ishe shi ya miƙe tsaye, ya juya, ya kwanta ya miƙe ƙafafu. Rufin kwano zalla yana gasa kare a watannin Maris zuwa Mayu, don haka a gina a ƙarƙashin bishiya, ko a shimfiɗa zana a kan kwanon. Daɓen ya zama siminti, a ɗora katako ya kwanta a kai. Yashi mai danshi da fitsari shi ne inda wani ƙuda ke zuba ƙwai, tsutsarsa ta shige fatar kare ta yi maruru, musamman da damina.

Sannan ka zagaya gidan da idon mai neman hanyar gudu. Rariya, ramin ƙarƙashin get, tulin bulo ko durom a jikin katanga, duk hanyoyi ne. Kare matsakaici mai tsoro yana iya tsallake katangar da ba ta kai mita 1.8 ba. Ka kwashe shinkafar ɓera, fiya-fiya, takin zamani da magungunan mutane, ka kulle.

Kayan da za ka tanada: kwano biyu na ƙarfe, abin wuya mai ɗauke da lambar wayarka, ɗamarar ƙirji, igiya mai tsawon mita 2 ta tafiya, da wata doguwa mai mita 5 zuwa 10 ta tsakar gida. Abin wuya ya kasance yatsu biyu ne kawai ke shiga tsakaninsa da wuya. In ya fi haka sako-sako, karen zai ja da baya ya zare kansa.

Batun kuɗi: waɗannan kaya sau ɗaya ake saye. Kuɗi mai nauyi na farko yana wurin likita, wato dubawa, allurai, maganin tsutsa da na kaska, sai fiɗiya in ba a yi ba, kuma ta karya ta fi ta namiji tsada saboda sai an buɗe ciki. Wanda ya fi cin aljihu a tsawon lokaci shi ne abincin kowane wata. Ƙungiyoyin Turai da Amurka galibi suna haɗa rigakafi da fiɗiya cikin kuɗin karɓar kare, amma wanda ya karɓa hannu da hannu shi zai biya komai, sai ya tambayi farashi tun kafin karen ya iso.

3. Ranar ɗaukowa

Ka ɗauko shi da safe, a ranar da za ka wuni a gida, zai fi kyau in kana da kwana biyu ko uku ba fita. Kada a ba shi abinci awa 3 zuwa 4 kafin tafiya, domin karnuka da yawa suna amai a mota. Ya shiga keji, ko wani ya riƙe igiya a kujerar baya. Ba a sa kare a but ɗin mota, ba a ɗaure shi a bayan a-kori-kura a rana.

Da isowa, a rufe get tukuna kafin a buɗe ƙofar mota. Ka fito da shi da igiya, ka kai shi kai tsaye inda kake so ya riƙa bahaya, ka tsaya shiru ya shinshina. Daga nan sai wurin kwanansa, inda tsummansa da ruwa ke jiran sa. Shi ke nan aikin ranar. Ba wanka, ba kiran maƙwabta su zo kallo, ba hoto da yara.

Hattara: nan ne aka fi yin asarar karnuka. Karen da bai san gidan ba, in ya fita ba ya dawowa, don bai san cewa nan ne gida ba. Makonni biyu na farko, ko a tsakar gida ya kasance da doguwar igiya tana jan ƙasa, yadda za a iya take ta in ya zabura. Idan ya kuɓuce, kada a bi shi da gudu da ihu, ƙara nisa zai yi. A sanar da mai riƙo nan take, saboda muryarsa ce karen ya sani. A ajiye tsumma da abinci inda aka gan shi na ƙarshe, a nema da asuba da magariba. Wanda ya hango shi ya tsuguna, ya ba shi gefe, ya jefa nama ƙasa.

4. Kwana uku na farko: ƙyale shi

Masu ceton karnuka suna da wani ma'auni da suke kira uku-uku-uku: kwana 3 na ruɗewa, mako 3 na koyon tsarin gida, wata 3 kafin ya ji nan ne gidansa. Kimantawa ce kawai. Wani a mako guda ya ware, wanda ya sha duka ko ya daɗe a titi yana iya kai wata shida.

A kwanakin nan za ka iya ganin ya ɓuya, ya ƙi ci, ya yi ta barci, ko ya yi ta kai-komo yana haki. Wani ba ya fitsari sai bayan kusan yini guda. Kada ka jawo shi daga maɓoyarsa. Ka je ka zauna ƙasa kamar taku uku daga gare shi, ka ba shi gefen jikinka, kada ka zuba masa ido, ka yi minti goma kana abin da ke gabanka, ka jefa ɗan yankan nama ka tashi. Sau uku ko huɗu a yini. Ranar da ya taso da kansa ya shinshina hannunka, ka shafa ƙirjinsa ko gefen wuyansa na daƙiƙa uku, ka janye. In ya matso, ka ƙara. In ya kau da kai, ya ishe shi. Hannun da ke saukowa ta saman kai, ga karen da ya san duka, mari ne ke zuwa.

Ka koyi karanta shi tun yanzu. Lasar leɓe ba abinci a gaba, hamma ba barci, kunnuwa kwance, wutsiya tsakanin cinyoyi, farin ido a waje, duk yana cewa a ba shi wuri. In ya sandare bai motsi, cizo ya kusa.

Hattara: kada a taɓa dukan kare don ya yi gurnani. Gurnani gargaɗi ne. Karen da aka hana gargaɗi, gaba cizo zai yi ba sanarwa.

5. Abinci da ruwa

Ka ci gaba da abincin mai riƙo, a lokutan da ya saba, har mako guda. In za ka sauya, a yi cikin kwana 7 zuwa 10: kwana biyu ko uku kashi ɗaya cikin huɗu sabo, sannan rabi da rabi, sannan kashi uku cikin huɗu, sannan sabo zalla. Sauyi farat ɗaya zawo yake kawowa. Babban kare sau biyu a rana, kwikwiyo sau uku ko huɗu. A ajiye kwano minti 15 zuwa 20 a ɗauke, a bar shi ya ci shi kaɗai ba mai tsaya masa a kai.

Mai dafa abinci a gida ya sani cewa tuwo ko shinkafa zalla ba sa riƙe kare. Sai an haɗa da nama, kifin da aka cire wa ƙaya, ko dafaffen ƙwai, ba yaji ba magi. Sauran miyar gida ba ta dace ba saboda albasa da tafarnuwa, waɗanda ke lalata jinin kare a hankali. Haka nan cakulan, goro, inabi da zabibi guba ne gare shi. Dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa ya huda hanji. Madara tana sa manyan karnuka da yawa gudawa.

Ruwa kuwa kullum a wadace. Kare na shan kimanin mililita 50 zuwa 60 a kan kowane kilo na nauyinsa a rana, wato mai kilo 15 zai sha kusan lita ɗaya, da bazara fiye da haka nesa ba kusa ba.

Hattara: karen da ya rame har haƙarƙari da ƙashin ƙugu suka fito, kada tausayi ya sa a cika masa kwano. Jikin da ya daɗe da yunwa, in aka cusa masa abinci da yawa lokaci guda, zuciya na iya tsayawa. Kaɗan-kaɗan sau huɗu a rana, ana ƙarawa cikin mako guda bisa shawarar likita. Kuma babban karen da ya wuce awa 48 bai ci ba, ko kwikwiyon da ya wuce awa 12, likita ya gan shi.

6. Likitan dabbobi a makon farko

Tsakanin kwana na 3 da na 7, sai dai in akwai alamar ciwo, to a ranar. Asibitocin dabbobi na jiha suna wannan aiki, haka asibitocin koyarwa na jami'o'i kamar na Zariya, Sakkwato da Maiduguri. Ka tafi da kati, da ɗan kashinsa na ranar a leda.

Allura ta farko a muhimmanci ita ce ta ciwon haukan kare. Ana yin ta daga wata 3 da haihuwa, kuma a Najeriya ana maimaitawa duk shekara. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato tana sarrafa wannan allura, kuma wasu jihohi kan yi ta kyauta a kusa da 28 ga Satumba, ranar yaƙi da ciwon ta duniya. Ta biyu ita ce allurar haɗaka da likitoci ke kira DHLPP, wadda ke kare shi daga cututtuka biyar, ciki har da fabo mai sa amai da zawon jini. Kwikwiyo yana farawa daga mako 6 zuwa 8, ana maimaitawa duk mako 3 zuwa 4 har ya kai mako 16. Babban karen da ba a san tarihinsa ba akan yi masa sau biyu, mako 2 zuwa 4 tsakani. Maganin tsutsar ciki a ba shi, a maimaita bayan mako 2, sannan duk wata 3.

Ka sa a duba kaska sosai, cikin kunne, tsakanin yatsu da hammata. Kaska na sa cututtukan da ke cinye jini. Ka ɗaga leɓensa ka ga dasashi: ja-ja mai haske lafiya, fari fat ko rawaya alamar gaggawa ce. Zafin jikin kare mai lafiya yana tsakanin digiri 38 da 39.2. A Ingila doka ta tilasta sa wa kare wata 'yar na'urar shaida a ƙarƙashin fata tun 2016, don haka mazauna can su tabbatar an mayar da rajistarta zuwa sunansu.

Hattara: ba a shafa wa kare baƙin mai, kananzir, Sniper ko fiya-fiya don kaska ko ƙazwa, ta fata suke shiga su kashe shi. Ba a ba shi farasitamol ko ibuprofen na mutane. Kuma in an tsince shi da raunin cizon da ba a san asalinsa ba, a faɗa wa likita, domin ciwon hauka yana ɓuya makonni ko watanni, kuma allura ba ta warkar da wanda ya riga ya kamu. Karen da halinsa ya sauya kwatsam, yana dalalar da miyau, ya kasa haɗiya, kada kowa ya sa hannu a bakinsa da sunan neman ƙashi. Duk wanda kare ya ciza ko ya yakusa, ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana minti 15, ya tafi asibiti a ranar, a killace karen kwana 10 ana lura da shi.

7. Tsarin yini da wurin bahaya

Lokaci guda na tashi, na ci, na fita, na kwanciya, kowace rana. A kai shi wurin bahaya da ya farka, da minti 15 zuwa 30 bayan ya ci, da duk awa 2 zuwa 3 a farko. Yana gamawa a yaba masa a ba shi ɗan nama nan take, ba sai an dawo ba. Ko karen da ya iya a gidan riƙo yana iya ɓata wuri a sabon gida. A share, a wanke har wari ya fita, a yi shiru. Dangwala hancinsa a kashi ba ya koya masa komai sai ɓuya. In an yi zawon jini, a wanke daɓen da bilic, kashi 1 cikin ruwa kashi 30, a bar shi minti 10 kafin a ɗauraye.

Dokokin gida a kafa su ranar farko, kowa ya bi. Gidan da kare ba ya shiga ɗaki ko wurin salla, to kada yau a bar shi gobe a kore shi da takalmi. Yawo a waje ya jira sai ya fara amsa sunansa kuma allurai sun kama, a fara da minti 10 a hanya guda, da sanyin safiya ko yamma. Ka ɗora bayan hannunka a kan kwalta, in ba za ka iya jure daƙiƙa 5 ba, tafin ƙafarsa ma ba zai jure ba.

8. Mutanen gida da yara

Mutum ɗaya a lokaci guda, a zaune, karen ne zai zo. Baƙi su jira mako biyu. Yara a koya musu abu huɗu: ba a taɓa shi yana ci, ba a taɓa shi yana barci, ba a rungume shi, ba a gudu a gabansa ana ihu. Ƙaramin yaro da kare ba a barin su su kaɗai ko na minti ɗaya, kome kyan halin karen. Mai aikin gida da maigadi ma a gabatar da su da nama a hannu, musamman maigadi mai sanda da tocila, wanda shi ne zai fi haɗuwa da karen cikin dare.

9. Sauran dabbobi

In akwai wani kare a gidan, a raba su kwana 10 zuwa 14, kwano daban, wurin bahaya daban. Ranar haɗawa a yi ta a waje, a wurin da ba na kowa ba cikinsu. Mutum biyu, kowa da karensa a igiya, su yi tafiya gefe da gefe da tazarar mita 5 zuwa 10, suna matsowa a hankali. In jiki ya saki, a bar su su shinshina juna daƙiƙa uku, a ci gaba da tafiya. Su shiga gida tare. Abinci da ƙashi su ne mafarin yawancin faɗa, don haka a ci gaba da ciyar da su a rabe.

Kaji, awaki, tumaki da kyanwa sun fi buƙatar haƙuri. Karen da ya rayu a titi wataƙila da kaza ya taɓa kashe yunwa. A tsaya da shi a igiya nesa da akurki, inda yana ganin su amma yana iya juyowa in an kira shi. Duk juyowa, nama. Kullum a rage taku ɗaya ko biyu. In ya ƙura ido, ya sunkuyar da kai, jiki ya sandare, an matsa da yawa, a koma baya. Akwai karen da ba zai taɓa zama amintacce da kaji ba, maganinsa shinge.

10. Zama shi kaɗai, da batun gadi

Tun daga kwana na uku ko na huɗu a fara: ka bar shi da abin tauna, ka fita minti 2, ka dawo ba hayaniya. Sannan 5, 15, 30, har awa guda cikin mako biyu. Ƙungiyoyin Ingila suna ba da shawarar kada a saba barin kare shi kaɗai fiye da awa 4. In yana kartar ƙofa, yana kuka ba tsayawa, yana zubar da miyau, tsoro ne ba taurin kai ba, a koma ga mintocin da yake iya jurewa.

Masu neman karen gadi sukan karaya in mako biyu ya wuce bai yi haushi ba. Kare ba ya tsaron wurin da bai ɗauka nasa ba, haushin zai zo da kansa in ya zauna. Ɗaure shi a turke dare da rana, hana shi abinci, ko ba shi barkono don ya yi zafi, zalunci ne, kuma karen da ake samu daga nan yaran gida yake fara cizo.

11. Daga mako uku zuwa wata uku

Yanzu halinsa na gaskiya ke fitowa, mai kyau da marar kyau. Karen da ya yi lamo zai fara tsalle kan mutane, satar takalmi, jan igiya. Alama ce ya saki jiki, kuma lokacin horo ne: minti 5, sau biyu ko uku a rana, umarni ɗaya a lokaci guda, a fara da "zo" da "zauna". Kowa a gidan ya yi amfani da kalma guda. Naman lada kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na abincin yini. In ba a yi fiɗiya ba, a tsara ta da likita bayan karen ya natsu, a ware kwana 10 zuwa 14 na jinya. Karya tana neman namiji kusan duk wata 6, cikinta kwana 63 ne, kuma a lokacin neman namijin ne karnukan unguwa ke tsallako katanga.

Abubuwa uku ba a zuba musu ido: cizon da ya fasa fata, gurnani kan abinci da ke ƙaruwa mako bayan mako, da tsoron da bai ragu ko kaɗan ba bayan wata guda. A fara da likita, domin ciwon haƙori, kunne ko gaɓa yana sa kare faɗa. In jikinsa lafiya, a nemi mai horarwa da ke aiki da lada, a guji mai bulala da sarƙar shaƙewa. Kafin a samu, a koya masa sa takunkumi mai kwando, wanda zai iya haki da shan ruwa a ciki.

Idan bayan duk wannan zaman bai yiwu ba, a kira mai riƙo ko ƙungiyar da ta bayar da shi. Yawancin ƙungiyoyi sun rubuta a yarjejeniyarsu cewa gare su za a mayar. A haɗa da katin rigakafi, sauran abincinsa da tsummansa, a kuma rubuta dalla-dalla abin da ya faru, da wa, a ina, da ƙarfe nawa, domin da wannan bayanin za a zaɓa masa gidan da ya dace da shi.